Casio F-91W: agogon aiki mai sauƙin kuɗi, in ka dace da na asali

Duk wanda ya tambaye ni agogon da zai riƙa ɗaurawa kullum ba tare da ya taɓa masa kuɗin cefane ba, amsa ɗaya nake ba shi: ya nemi Casio F-91W, ɗan baƙin nan na roba mai nuna lokaci da lambobi, amma ya tsaya kai da fata sai ya samu na asali. Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibitin karkara a jihar Kano, kuma shekara da shekaru shi ne a hannuna, rani da damina. Ba ado nake nema a agogo ba, abokin aiki nake nema, shi ya sa zan faɗi alherinsa da aibinsa yadda na gan su.

Wasu kan ce ai zamanin agogo ya wuce tunda kowa na da waya a aljihu. Wanda bai yi irin aikinmu ba ne zai faɗi haka. Uwa za ta shigo da yaro yana tari, jiki zafi rau. Sai na ce, "Maman yaro, ɗan ɗage masa riga, ki bar shi ya lafa a jikinki." Daga nan idona na kan ƙirjinsa ina ƙirga numfashi har minti guda cif. Idan jaririn da ke tsakanin wata 2 da wata 12 ya kai numfashi 50 ko fiye a minti, ko yaro ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, to ana zargin limoniya, magani ya canza ke nan. A wannan lokacin hannuna da safar roba, ko kuma a jiƙe yake da ruwan wanke hannu, wayar kuwa wataƙila tana shagon mai caji tun safe saboda babu wuta. Agogon da ke nuna daƙiƙa a fili, wanda ɗan juya hannu kawai ya isa ka gani, ya fi min waya nesa ba kusa ba. Haka wajen ƙirga bugun jini da ɗigon ruwan da ake ƙara wa marar lafiya.

Kamfanin Casio na ƙasar Japan ne ya fito da wannan samfuri a 1989, kuma har yau bai sauya masa kama ba. Nauyinsa gram 21 ne kacal, kaurinsa bai kai santimita ɗaya ba, don haka yana shigewa ƙarƙashin hannun kaftani ba tare da ya tokare ba, har sai ka manta da shi a hannunka. Kamfanin ya ce kuskurensa ba ya wuce daƙiƙa 30 a wata, gaba ko baya. Nawa ɗan gudu yake yi kaɗan, nakan daidaita shi da agogon waya lokaci-lokaci. Batirinsa falalen nan ne mai lamba CR2016, kuma a lissafin kamfani yana kai shekara 7 idan ba a cika kunna fitila da ƙararrawa ba. Yana da ƙararrawar tashi, yana da ɗan sautin da ke fita duk awa, yana da ma'aunin lokaci mai ƙirgawa har kusan awa guda, yana nuna rana da kwanan wata. Abin da ke cikinsa ke nan, kuma a wurina ya wadatar.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen saye. Babu agogon da na ga an fi kwaikwaya kamar wannan. A tashar mota, a bakin masallacin Juma'a, a faranti ko a baro, za ka gan shi jibge, har da sunan kamfanin da lambar samfurin a fuska. Wanda ya sayi na baro da saninsa ba ni da magana da shi, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ke min ciwo shi ne mutum ya biya kuɗin na asali a miƙo masa jabu. Haka aka yi wa wani abokin aikina a wani shago mai gilasai da fitilu, da kwali da takarda da komai. Bai rufa mako biyu ba agogon ya soma cin lokaci, alwalar farko da ruwa ya ɗan yi yawa kuwa gilashin ya yi gumi ta ciki, lambobi suka soma ɓacewa rabi da rabi.

Ni a kasuwar Sabon Gari na sayi nawa, wurin wani dattijo da ke haɗa gyara da sayarwa. Da na ce masa, "Baba, gangariyar nake so, ba na kallo ba," sai ya ajiye wanda ya fara ɗaukowa, ya buɗe wata 'yar durowa ya ciro wani. Ya ce, "Malam, danna wannan na dama ka riƙe." Na danna na riƙe kamar daƙiƙa uku, sai lambobin lokaci suka ɓace, sunan CASIO ya bayyana a fuskar agogon. Wannan shi ne gwajin farko, kuma jabu da yawa a nan suke faɗuwa. Sai dai kada ka tsaya nan, don masu kwaikwayo sun waye, akwai jabun da ke nuna sunan su ma. Ka karkata agogon ka kalli lambobin ta gefe: na asali baƙi ne wuluk, ana karanta shi ko ta ina, na jabu kuwa yakan dusashe ko ka riƙa ganin inuwar lambobin da ba su kunnu ba. Ka juya bayansa. Murfin ƙarfe ne da ƙananan noti huɗu, rubutun a zane yake tsaf, kuma akwai lamba 593 a cikin ɗan akwati, wato lambar injin da ke ciki. Ka taɓa maɗaurin: robar na asali tana da laushi tana lanƙwasuwa, ta jabu tauri gare ta da ƙyalli. Kada kuma ganin an rubuta Sin ko Tailan a baya ya tsorata ka, kamfanin da kansa yana harhaɗa agogunansa a can. Game da kuɗi, farashin yana bin dala, abin da na biya a wancan lokaci ba zai amfane ka yau ba. Ka zaga shago uku ko huɗu ka ji bakinsu. Duk wanda ya yi ƙasa da sauran sosai yana rantsuwa cewa na asali ne, ka yi masa sallama. Kuma kafin ka biya, ku yi magana a fili cewa in ya ci lokaci cikin mako za ka dawo da shi. Mai kaya na gari ba ya ƙin wannan sharaɗi.

Saita shi ba ya bukatar mai gyara, ko da yake na sha ganin mutane na yawo da agogon da ke gaba da minti goma don ba su san ta inda za su fara ba. Madanni uku ne: biyu a hagu, ɗaya a dama. Na hagu na ƙasa, wanda aka rubuta MODE kusa da shi, shi ke kai ka daga wani sashe zuwa wani. Danna shi sau ɗaya, ka shiga ƙararrawa. Sau biyu, ma'aunin lokaci. Sau uku, sai ka ga daƙiƙoƙi suna ƙyaftawa, ka iso wurin saiti ke nan. Ka ajiye waya a gabanka, da zarar minti ya cika sai ka danna na dama, daƙiƙa ta koma 00. Lura da abu ɗaya a nan: idan daƙiƙar ta kai 30 ko ta wuce lokacin da ka danna, agogon zai ƙara minti ɗaya da kansa, don haka ka sake duba mintin. Daga nan na hagu na sama, wato na fitila, shi ke matsawa da kai zuwa awa, sai minti, sai wata, sai kwanan wata, sai rana, na dama kuma yana ƙara lamba, in ka riƙe shi ta yi ta gudu. Ba ya komawa baya, in ka wuce sai ka zagayo. Ka kula da alamar PM a gefe, don wanda ya saita ƙarfe biyar na yamma a matsayin na asuba zai ji ƙararrawarsa ta tashi bayan la'asar. Ni na huta da wannan, na mayar da nawa tsarin awa 24 tunda da shi muke rubuta lokacin ba da magani, dannawa ɗaya ce a madannin dama idan kana kan fuskar lokaci. Ranakun da haruffa biyu na Turanci suke fitowa, FR Juma'a ke nan, SU Lahadi, ido kan saba da su da wuri.

Wata alfarma nake roƙon duk mai wannan agogo: ya kashe sautin awa-awa. Ana tsakiyar sallar azahar ko liman na huɗuba sai ka ji ƙit-ƙit daga sahu, wani lokaci daga hannu uku a jere. Ka shiga sashen ƙararrawa ka riƙa danna na dama, za ka ga ƙananan alamomi biyu suna bayyana suna ɓacewa. Mai kama da ƙararrawa ita ce ta awa-awa, ɗayar mai layi-layi ita ce ta tashi. Ka bar wadda kake so, ka kashe ɗayar.

Maganar ruwa kuwa, an rubuta a fuskarsa cewa yana jure ruwa, kuma nawa bai taɓa nuna damuwa da alwala, wanke hannu ko ruwan sama a kan babur ba. Nakan ture shi sama ko in sassauta shi lokacin alwala don ruwa ya kai ga fata. Abin da ba na yi shi ne shiga wanka da shi, musamman da ruwan zafi a lokacin hunturu, kuma ba na danna madanni yana jiƙe, don ta nan ruwa ke samun ƙofa.

Aibinsa na farko fitila ce. 'Yar ƙwaya ce koriya a gefen hagu, tana haska awa, minti kuwa sai ka ƙura ido. A aikin dare idan babu wuta, wannan gazawa ce ta gaske, kuma ina ganin kamfanin ya daɗe da sanin haka ya ƙi gyarawa. Na biyu maɗauri. Zufa da zafin bazara da busasshiyar iskar hunturu suna cin robar, ta bushe ta tsage, galibi daidai ramin da ka saba sakawa, tun batir bai yi rabin rayuwarsa ba. Sa'ar da aka yi shi ne faɗinsa milimita 18 ne, ana samun madadinsa wurin masu gyara, siririn ƙarfen da ke riƙe da shi ake turowa ta gefe a sa sabo. Kada ka ɗaure shi tamau, ka bar inda ɗan yatsa zai shiga, ka kuma riƙa wanke bayansa saboda gishirin zufa, in ba haka ba fata takan yi ƙaiƙayi. Gilashinsa na roba ne, yana ɗaukar ƙarzuwa. Ƙararrawarsa daƙiƙa 20 take yi da siririyar murya, tana tashina sahur, amma mai nauyin barci kada ya dogara da ita kaɗai. Ba shi da lokacin ƙasa biyu, maniyyaci zai ƙara awa biyu da hannunsa in ya sauka Saudiyya. Sannan bai san shekara ba, kullum Fabrairu kwana 28 yake ba ta, don haka a 2028 sai ka gyara kwanan wata da kanka idan Maris ya kama.

Wanda robar ba ta yi masa ba, akwai ɗan'uwansa A158W, injinsu ɗaya, amma maɗaurinsa ƙarfe ne fari, ya fi dacewa da manyan kaya ranar Juma'a ko ɗaurin aure. Daidaita shi a hannu ba sai an cire ƙarafa ba: ka sa bakin ƙaramar sukudireba ka ɗaga ɗan murfin da ke jikin makullin, ka zame shi zuwa inda ya yi maka daidai, ka tabbata ya hau kan tsagin da ke bayan maɗaurin kafin ka danne, in ba haka ba za ka lanƙwasa shi. Yakan tsinke gashin hannu, kuma jikin agogon roba ce aka yi wa fentin azurfa, yana goguwa da daɗewa. Mai aikin dare ya ɗan ƙara kuɗi ya sayi A168W, wanda fuskarsa gaba ɗaya ke haskawa. Dattijon da idonsa ya saba da agogo mai hannaye, MQ-24 zai fi yi masa daɗin karatu, sai dai ba shi da fitila ko ƙararrawa, batirinsa kuma wajen shekara 3 yake yi. Masunci ko mai wankin mota ya nemi W-800H mai jure ruwa har mita 100. Mai son agogon da zai sanar da shi lokutan salla kuma, irin su Al-Fajr da alhazai ke dawowa da su zai nema, wannan bai san wannan aiki ba.

Ranar da lambobi suka soma dusashewa idan ka kunna fitila, batir ne ya zo ƙarshe. Kai shi wurin mai gyara ka tsaya a kansa. Ka sayi batir mai suna a cikin ledarsa a rufe, don na tsinta ba ya shekara. Ka ga ya mayar da siririyar robar da ke zagaye da bakin murfin a mazauninta ba ta murɗe ba, ita ce ke hana ruwa shiga, kuma masu gaggawa sukan yar da ita ba su sani ba. Idan an sa sabon batir fuskar ta ƙi nuna komai, ba mutuwa agogon ya yi ba. Akwai ɗan wuri a jikin injin da aka rubuta AC, ana haɗa shi da bayan batirin da ɗan hantsaki na daƙiƙa biyu, sai ya farfaɗo. Kafin ka bar gaban teburin, ka gwada ƙararrawa, don ɗan ƙarfen da ke taɓa murfin ne ke fitar da sauti, in ya goce sai a sake buɗewa.