Tafiya kan dusar ƙanƙara a Lötschental: ɗan jagora ya ci kuɗinsa, takalmin haya kuwa sai a hankali

A watan Fabrairu na biya kuɗin tattakin rabin yini a kwarin Lötschental, cikin yankin Valais na ƙasar Suwizalan. Jirgin ƙasa ya sauke ni a Goppenstein, bas ta kai ni Wiler, motar da ke rataye a waya ta hau da mu Lauchernalp.

Bari in fara da abin da ya ɓata mini rai. Takalmin da suka ba ni haya, mai faɗi kamar faifai da haƙoran ƙarfe a ƙasa, maɗaurinsa na hagu ya saki. Sau uku ina cire safar hannu in ɗaure, yatsuna kamar ba nawa ba. Ku duba naku tun a shago.

Amma ɗan jagoran, dattijo ne ɗan kwarin, bakinsa da zuma. Ya tsayar da mu muna fuskantar tsaunin Bietschhorn mai tsawon mita 3,934, ya nuna gefen da rana ba ta cika leƙawa. A can, in ji tatsuniyarsu, wasu ɓarayi suka zauna. Da dare sai su rufe fuska, su yafa fatu, su tsallako kogin Lonza su yi wa masu hali sata. Wai daga nan aka samo Tschäggättä, dodannin da ke yawo a ƙauyuka daga farkon Fabrairu zuwa jajiberin azumin Kirista. Ko haka ne, oho, shi kansa yana faɗa yana murmushi. Ya zaro ƙaramar fuskar katako daga jaka ya miƙo mini: hanci a karkace, haƙoran dabba a baki, gashin akuya a ka.

Sai ya juya ya nuna Blatten, ƙauyen da ƙanƙara da duwatsu suka binne ranar 28 ga Mayu, 2025, bayan an riga an kwashe mazaunansa wajen 300. A nan bai yi tatsuniya ba. Mu ma muka yi tsit.

Ɗan jagoran ya ɗan cika sauri a hawa, duk mai ciwon gwiwa ya faɗa masa tun farko.

Da magariba a Wiler na ji ƙararrawar shanu a bayana. Na waiwaya, ga ƙato cikin fatar tunkiya, kafaɗu sun wuce kaina. Na san mutum ne a ciki, amma ƙafata ba ta tsaya shawara da ni ba.