Allon EPBP na na'urar EX2100: sabo, gyararre ko na kwance?

Duk injiniyan da ya taɓa buɗe akwatin EX2100, na'urar kamfanin GE da ke sarrafa wutar DC da ake tura wa rotar janareta, wato sashensa mai juyawa, domin ta samar da maganaɗisu, ya san hankali kan tafi ga katunan sarrafawa irin su DSPX da ACLA, a manta da allon bayan da wutarsu ke bi ta kansa. Sunan wannan allo EPBP. A tsarin da ke da masu sarrafawa uku, wato M1 da M2 da C, a jikinsa ake soka katunan EPSM masu ba da wuta guda uku, kowanne a ware da ɗan'uwansa, tare da katunan EGDM masu gano zurarewar wutar rota zuwa ƙasa. Wutar DC mai bolt 125 tana zuwa daga EPDM, wato sashen rarraba wuta, sannan EPSM ya mayar da ita bolt 5 da 15 da 24 da sauran katunan ke buƙata. An ninka masu sarrafawa har uku ne domin idan ɗaya ya faɗi sauran su riƙe injin, amma wutar dukkansu a kan allo ɗaya take zaune, shi ya sa ba na ɗaukar sayensa da wasa.

Sabo daga hannun GE shi ne mafi kwanciyar hankali ga mai kuɗi da lokacin jira, sai dai kamfanin ya daɗe da karkata ga sabon samfurin EX2100e, kuma tashar lantarkin da injinta ke tsaye ba ta da haƙurin watanni. Sauya na'urar gaba ɗaya zuwa EX2100e, ko takwararta UNITROL ta kamfanin ABB, aiki ne na kasafin shekara da dogon tsayar da inji, ba maganin allo ɗaya ba. Na kwance, wanda aka ciro daga rufaffiyar tasha aka sayar yadda yake, ba na ba da shawararsa ko da kyauta ne.

Zaɓina shi ne gyararren allo da aka gwada da kaya a kansa, wato ana jan wuta ta cikinsa kamar yana bakin aiki, daga mai gyara da ke da akwatin EX2100 na gwaji a wurin aikinsa. Dalili kuwa shi ne kusan babu abin da ke tsufa a cikin allon baya face wuraren haɗi: haƙoran soket da suka sassauta, dalmar da ta tsage saboda zafi da girgiza, da layukan tagulla da suka taɓa ɗaukar wuta fiye da ƙima. Duk waɗannan ana iya gano su, ana kuma iya gyara su. Ƙwararren mai gyara zai soka EPSM uku, ya ɗora musu kaya na sa'o'i, ya auna kowace mafita a sashen M1 da M2 da C daban-daban, ya tabbatar babu wutar da ke tsallakawa tsakanin sassan, sannan ya ba da takardar sakamako mai ɗauke da lambar wannan allon musamman, tare da garanti a rubuce. Allon da aka ce sabo ne ya kwana shekaru a sito ba shi da irin wannan shaidar, shi ya sa na fifita gyararre a kansa ko da farashinsu ya zo ɗaya.

Na koyi wannan ne da wahala. A wata tasha da na yi aiki, wani dillali ya kawo mana allo a leda mai hana tartsatsi, ya rantse sabo ne fil. Bayan an ɗaura shi, wutar M2 ta riƙa ɗaukewa tana dawowa, muka sauya EPSM har sau biyu muna zargin katin da ba shi da laifi. Sai da muka sake tsayar da injin muka duba da gilashin ƙara girma, muka ga tsagaggiyar dalma a gindin soket, da sabuwar takardar lamba liƙe a kan tsohuwa.

Saboda haka mai saye ya fara da lambar kaya. Tana farawa da IS200EPBPG1, sai haruffa su biyo baya. Harafin farko yana nuna canjin da ba ya komawa baya, don haka dole ya dace da na allon da za a cire. Na biyu canji ne da ke aiki a gurbin tsoho, na uku kuma zanen allon ya shafa. Ya nemi hoton ainihin allon gaba da baya, ba hoton kundin talla ba, domin hoto ɗaya kan bayyana a shafukan dillalai da dama waɗanda babu mai kayan a hannu cikinsu. Ya lura da shafen kariya mai sheƙi a wuri guda alhali sauran ya dushe, da tabon ƙuna a kusa da soket, da takardar lamba da ta fi allon sabunta. Dillalin da ya ce an gwada amma ya kasa faɗin da wace na'ura aka gwada, ko ya matsa a biya duka kuɗin kafin ya nuna lamba, a rabu da shi.

Idan allon ya iso, a duba haƙoransa ɗaya bayan ɗaya kafin a sa hannu a takardar karɓa. Wanda za a ajiye a sito kuma a bar shi a rufe cikin ledarsa, domin ƙurar hunturu da laimar damina suna cin haƙoran soket tun allon bai ga wuta ba.