Gargaɗi: mai jarin nan ya dawo, kada ku ba shi ko kwabo

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Don Allah ku tura wannan a guruf ɗin zumuntar mata da na matasa, saboda mutumin nan da ya cinye kuɗin iyayenmu mata bara ya ɓulla a wata majami'a, kuma da irin zaƙin bakinsa na da.

Ba ya fara da maganar kuɗi. Sai ya yi wata biyu yana zama a layin gaba, baikonsa mai kauri, addu'ar safe ba ta wuce shi, kowa Mama kowa Baba, sai da muka saki jiki sannan ya kawo zancen wai yana da harkar hatsi, ka zuba dubu 50 bayan wata guda ka karɓi dubu 65. Na farko sun ga alat da gaske, suka tashi suka ba da shaida a gaban jama'a, ashe kuɗin na baya yake ɗauka yana biyan na gaba, babu hatsi babu sito. Haka MMM, tsarin zuba kuɗin nan na intanet, ta yi da mutane, ribar kashi 30 a wata, har ta rufe asusu a Disambar 2016. Haka CBEX, wata manhajar zuba jari, ta rushe da kuɗin mutane a Afrilun 2025. Mun gani da idonmu amma da yake wannan ya zo da Littafi Mai Tsarki a hammata sai muka ce ai namu ne.

Innata gwauruwa ce, kuɗin adashinta na shekara ta ba shi, kuɗin makarantar yara biyu. Har yau in aka taɓo maganar sai ta yi shiru ta sunkuyar da kai.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yanzu yana yawo yana cewa ya tuba, har da hawaye, wai Shaiɗan ne ya rinjaye shi, wasu kuma suna ce mana ku yi haƙuri Yesu ya ce a gafarta. Gaskiya ne, kuma ni ina roƙon Allah ya cire min ɗacin nan daga zuciya. Amma ku buɗe Luka 19. Zakka mai karɓar haraji da ya sadu da Yesu a Yariko bai tsaya a kuka ba, ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu, a nan ne Ubangiji ya ce ceto ya shigo gidan. Littafin Firistoci sura 6 ma cewa ya yi a mayar da abin da aka ci, a ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai. Wannan bawan Allah ko naira ɗaya bai mayar ba, ko gidan innata bai taka ya ce Mama ki yafe min ba, ga shi ya soma tara sababbin sunaye. In ya zo da kuɗin mutane a hannu ni zan fara rungumarsa.

Fastoci da dattawa, don Allah ku daina ba irin waɗannan makirfo a lokacin sanarwa, tumakin suna ɗauka kun tantance ne. Duk wanda ya kawo muku jari ku tambayi rajistarsa da SEC, hukumar da ke kula da harkar zuba jari.

Masu rasit ko alat na tura masa kuɗi, kada ku goge, ku same mu bayan sujada ran Lahadi, za mu haɗa mu kai wa EFCC.