Daren MSFS da daren IL-2: wanne ya fi kusa da gaskiya?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin wasannin tuƙa jirgin sama na kwamfuta guda biyu, Microsoft Flight Simulator (MSFS) na 2020 da IL-2 Sturmovik: Great Battles, wanne ne darensa ya fi kama da na gaske, tunda kana son tuƙa tsofaffin jirage. A ganina MSFS ya iya fitila, IL-2 kuma ya iya duhu, kuma ga mai son tarihi duhun ne abin nema.

A filin jirgi na zamani MSFS ba shi da abin kushewa sosai. Gefen titin sauka fari, bakinsa kore, ƙarshensa ja, hanyar da jirgi ke bi zuwa wurin tsayawa shuɗi. Fitilun PAPI guda huɗu, masu nuna wa matuƙi ko ya yi sama ko ƙasa da yawa wajen sauka, suna aiki yadda ya kamata: biyu ja biyu fari kana kan layi, huɗu ja ka yi ƙasa da yawa. Wanda ke koyon saukar dare zai ƙaru da wannan ƙwarai. Matsalar tana wajen filin. Wasan yana gina duniya ne daga taswirar Bing, sai ya jera fitilu a kan hanya don ya ga hanya a taswira, ba don an kafa turakun wuta a wurin ba. Shi ya sa za ka taso daga Kano ka ga hanyoyin bayan gari suna ƙyalli kamar ana biki, alhali duk wanda ya bi su da dare ya san fitilar mota ce kaɗai.

Ga kuma batun zamani. A 2022 an ƙara Spirit of St. Louis a cikin wasan, jirgin da Charles Lindbergh ya sauka da shi a filin Le Bourget na birnin Paris a daren 21 ga Mayu 1927. Jirgin na 1927 ne, amma birnin da ke ƙarƙashinka na yau ne, da hasken yau. Ka ɗauki Spitfire, jirgin yaƙin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Biyu, ka bi ta kan Landan, haka za ka gan ta tar, alhali tun 1 ga Satumba 1939 aka hana barin hasken fitila ya fito waje da dare a Birtaniya saboda yaƙin, ba a sassauta ba sai a Satumbar 1944.

IL-2 kuwa taswirarsa ta lokacin yaƙi ce, don haka garuruwa a kashe suke. Ka tashi da U-2VS, ɗan jirgin katako da zane irin wanda matan runduna ta 588 ta Tarayyar Sobiyet suka riƙa kai harin dare da shi, ka ga yadda ido ke neman abin kamawa. Kogi yana ɗan sheƙi idan akwai farin wata. Can sai babbar fitilar haska sama ta cafke ka, ɗakin matuƙi ya yi fari fat, ka rasa sama da ƙasa. Da ka dawo gida, 'yan wutar da aka hura a gefen fili ne za su nuna maka inda za ka sa taya. Wannan ya yi kusa da abin da aka yi: a filayen Birtaniya ma da fitilun kananzir masu lagwani ake jera hanyar sauka, kusan irin aci-balbal ɗinmu, sai dai manya.

Inda duka biyun suka gaza shi ne ido. Idon mutum yana ɗaukar kusan minti 30 kafin ya saba da duhu sosai, haske mai ƙarfi kuma yana ɓata wannan cikin daƙiƙu, dalilin da ya sa ake rage fitilar ɗakin matuƙi ko a sa ja. Allon kwamfuta ba ya iya wannan, sai masu wasan su ƙara wa dare haske don kada a ga baƙi kawai. A IL-2 ma wasu kan ɗaga gamma, wato ma'aunin hasken hoto, har dare ya koma kamar bayan magariba, wanda ni ina ganin zubar da ribar wasan ne.

Ka ɗauki IL-2 tunda tsohon jirgi kake so. Ka kashe ƙwan ɗaki, ka rage hasken allo, ka zaɓi daren da wata ya kai rabi kafin ka gwada wanda babu wata.