Darasi ɗaya ya biya min kuɗina, sauran kuwa sai a hankali

Na yi rajistar manhajar nan ta koyon wasan ces ne saboda darussan dabaru, kuma wanda ya kama ni sosai shi ne na harin buɗe hanya, inda za ka janye ɗaya daga cikin mayaƙanka na kan allo daga gaban sarauniya ko hasumiya ko bishop, layi ya buɗe, hari ya fito daga baya. Da tarkon Petrov suka fara, wani tarko na farkon wasa: dokin baƙi ya ci soja a gidan allo na e4, fari ya kawo sarauniya e2, baƙi ya mayar da dokin f6, sai dokin fari ya yi tsalle daga e5 zuwa c6. Sarkin baƙi na cikin cek, wato sarauniyar fari na kai masa hari, doki kuma yana kan sarauniyar baƙi a d8. Ko ta zo e7 ta tare, cinye ta zai yi.

Amma wasan Carlos Torre da Emanuel Lasker na Mosko a 1925 shi ne ya sa na ce kuɗina ba su tafi a banza ba. Manhajar ba ta nuna min ba, ni ta bari na buga a matsayin Torre. Ka kai bishop f6, ka bar sarauniyarka a h5 a cinye. Hannuna har ya yi nauyi kafin na danna. Daga nan hasumiya ta ci soja a g7, sarki ya matsa h8, ta ci f7 bishop na ba da cek, ta dawo g7, ta ci bishop ɗin b7, ta sake dawowa, ta gangara g5 da wani cek, ta ɗauke sarauniyar Lasker a h5. Sarkin Lasker, mutumin da ya riƙe kambun duniya daga 1894 zuwa 1921, sai kai da kawowa yake yi, ba shi da ta cewa. Wallahi na ji daɗin wannan darasi.

To, sai na shiga atisaye, nan raina ya ɓaci. A saman kowace tambaya sun rubuta sunan dabarar. In an riga an faɗa maka abin da za ka nema, me ya rage? A wasan gaske babu mai raɗa maka. Ga alamar taimako tana walƙiya tun ban gama duba allo ba, na nemi inda ake kashe ta na rasa. Cek biyu a lokaci guda kuwa, wanda dole sarki ya motsa don ba a tarewa, gajeren bayani kawai suka yi masa. Ko wasan Réti da Tartakower na 1910 ba su sa ba, inda aka sadaukar da sarauniya a d8 don bishop ya buɗe wa hasumiya hanya.

Na rubuta musu kan batun alamar taimakon, har yau shiru. In ba su gyara ba, ba zan sabunta rajista ba.