TP-Link TL-MR6400: rautar layin waya da ta dace da shago da gida a Sakkwato, in an san inda za a ajiye ta

Masu shagon buga takardu da masu POS a Mabera, Arkilla da Runjin Sambo, da ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke haɗa kuɗi su sayi data ɗaya, duk suna yawan tambayar wace na'ura ce ta fi ƙaramar MiFi juriya. TL-MR6400, wadda rauta ce, wato na'urar da ke raba intanet ga wayoyi da kwamfutoci, tana cikin waɗanda muke ba da shawara a kansu. Layin waya ake sa mata, tana kama 4G, kuma a takarda tana sauke har megabit 150 a sakan, tana ɗora 50. Tana da ramukan kebul huɗu a baya, tana ɗaukar na'urori har 32 ta Wi-Fi. Ba ta da batir, kuma wannan alheri ne a garin da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, domin batirin MiFi da ke kwana a caji shi ne ke fara kumbura.

Haɗa ta ba wuya. A kashe ta kafin a sa layin, a kunna, a shiga Wi-Fi ɗin da sunansa da kalmar sirrinsa ke rubuce a ƙarƙashinta, sannan a buga 192.168.1.1 ko tplinkmodem.net a burauza. Galibi da kanta take gane kamfanin layin. Idan fitilar intanet ta ƙi kamawa, a duba APN, wato sunan da ake sa wa a saiti don layi ya shiga intanet ɗin kamfaninsa: na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, na Glo kuma gloflat. Amma kafin a zargi na'urar, a fara sa layin a waya a gani ko akwai data kuma an haɗa shi da NIN, don layin da aka rufe ba rautar da za ta tashe shi. Mai niyyar amfani da Glo ya karanta jikin kwali ya tabbata akwai Band 28, wato zangon siginar da 4G ɗin Glo ke amfani da shi, saboda samfurin da aka yi wa kasuwar Turai ba duka ke da shi ba.

Inda mafi yawan mutane ke cutar da kansu shi ne wurin ajiya. Sai a tura ta ƙarƙashin kantar shago, ko bayan firij, ko a rataye ta dab da rufin kwano, a dawo ana cewa sabis ba kyau. Kwano da ƙofar ƙarfe suna tare sigina, bango mai kauri yana rage ta, ga shi zafin da kamfanin ya ƙayyade mata bai wuce digiri 40 ba. Ƙarƙashin kwano da azahar ya fi haka nesa ba kusa ba, shi ya sa za ka ga tana yankewa da rana, ta dawo daidai bayan magariba. Dabarar ita ce a ɗauki wayar Android mai layi irin na rautar, a buɗe bayanan layi a saituna inda ake nuna ƙarfin sigina da ma'aunin da ake kira dBm, a zagaya ɗakin. Kusan -80 yana da kyau sosai, -100 ya fara rauni, -110 kuwa wahala ce kawai. Inda lambar ta fi kyau, yawanci kusa da taga a inuwa, nan ne mazauninta. Lokacin hunturu a riƙa kaɗe ƙurar da ke toshe ramukan iskarta.

Sai wuta. Kowace ɗaukewa tana kashe ta, sai ta ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta sake kama sabis, kuma wannan ya isa ya lalata rajistar JAMB da ake tsakiyar yi. Ƙaramin UPS na rauta, wato batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, yana maganin haka, da sharaɗin ƙarfin wutarsa (volt) ya yi daidai da wanda aka rubuta a jikin cajarta ta asali. Cajar aro mai rauni tana sa ta riƙa kashe kanta tana kunnawa, mai ita ya zaci ta lalace.

Raunin da ba za mu ɓoye ba: Wi-Fi ɗinta na zangon 2.4GHz ne kaɗai, ba ta da na 5GHz mai ƙarancin cunkoso, kuma ramukan kebul ɗin megabit 100 ne iyakarsu. A jerin shaguna inda kowa ke da tasa rautar, sigina na cin karo da juna. A shiga saitin Wi-Fi a tsayar da tashar (channel) a kan 1, 6 ko 11, a gwada wadda ta fi sauƙi. Kwamfutar da ake aiki da ita kullum kuwa a ja mata kebul na Cat5e ko Cat6, kada tsawonsa ya wuce mita 100, kuma a nemi na tagulla zalla. Mai arahar nan alminiyom ne aka shafa wa tagulla, saurin karyewa yake yi a bakin RJ45, wato kan kebul ɗin da ake cusawa a rami.

In intanet ya tsaya, a bi shi daki-daki a Windows. A buɗe Command Prompt, wato tagar da ake buga umarni, a buga ipconfig. Adireshin da ya fara da 169.254 yana nufin kwamfutar ba ta samu adireshi daga rautar ba, to a duba kebul ko a buga ipconfig /renew. In wannan lafiya, a buga ping 192.168.1.1 don gwada ko rautar na amsawa, sannan ping 8.8.8.8 don gwada intanet. Na farko ya amsa, na biyu ya ƙi, matsalar layi ce ko data. Dukansu sun amsa amma shafuka ba sa buɗewa, matsalar DNS ce, wato abin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshinsa, sai a sa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 da hannu a gurbin DNS. Maɓallin reset shi ne na ƙarshe, don yana goge duk abin da aka saita.

Ga shago mai kwamfuta uku ko huɗu, ko gida mai wayoyi goma, ta cancanci kuɗinta. Wanda ke zaune cikin cunkoson rautoci kuma yana son 5GHz, gara ya ƙara kuɗi ya ɗauki Archer MR600. Ko wacce aka saya, ranar farko a canja kalmar sirri, a zaɓi tsarin tsaro na WPA2, a sa iyakar data a saitinta, a kuma nuna wa Windows cewa datar ta awo ce (metered) don kada sabuntawa ta cinye ta cikin dare.