Allon 3D marar tabarau: wanne ya dace da aikinka?

Kafin ka tambayi kuɗin allon 3D marar tabarau, fara amsa wa kanka tambaya ɗaya: mutum nawa ne za su kalle shi a lokaci guda? Amsar nan ce ta raba kasuwar gida biyu, kuma a nan mafi yawan masu saye ke yin tuntuɓe.

Tsakanin idanun babban mutum akwai tazarar kusan milimita 63, don haka kowane ido da irin kusurwar da yake hango abu, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa biyun ta fitar da zurfi. Aikin allon shi ne ya aika wa kowane ido nasa hoton ba tare da sun cakuɗe ba. Tsohuwar dabara ita ce a shimfiɗa shinge mai tsaga-tsaga a kan allon, kamar mai leƙe ta asabari: idon dama ya ga wasu layuka, na hagu ya ga wasu. Da irin wannan dabarar na'urar wasan hannu Nintendo 3DS ta 2011 take aiki. Allonta na sama ɗigo 800 ne a faɗi, kowane ido ya sami 400, haske ya ragu, kuma da ka ɗan karkata kai sai hoton ya rabu biyu. Allunan yanzu sun koma ga siraran lensuna da aka jera kamar kunyoyin gona, masu karkata haske maimakon tare shi.

Rukuni na farko na mutum ɗaya ne. A goshin allon akwai kyamarori masu bin idonka, manhaja kuma tana sake rarraba ɗige-ɗigen hoton duk lokacin da ka motsa. Samsung Odyssey 3D na 2025, inci 27 mai 4K, ya fito a kan kusan dala 2,000. Acer na da SpatialLabs View mai inci 15.6 da wani mai inci 27, su ma 4K. Waɗannan ana iya kashe musu 3D su koma allon aiki na yau da kullum, kuma wannan babbar riba ce, domin mafi yawan sa'o'inka a rubutu da intanet za su tafi. Sony ELF-SR2 na 2023 shi ma inci 27 ne, amma kuɗinsa ya kai kusan dala 5,000, kuma an yi shi ne don masu zanen gini, masu ƙera kaya da masu aiki da manhajojin ƙera wasanni irin su Unity ko Unreal Engine. Mai neman na wasa ba shi da dalilin zuba wannan kuɗin.

Ga abin da takardar talla ba ta cika faɗa ba. 4K ɗin da aka rubuta a kwali, wato 3840 sau 2160, rabawa ake yi tsakanin ido biyu, saboda haka kaifin hoton yana raguwa da zarar ka kunna 3D. Kwamfuta kuma sau biyu take zana kowane hoto. Samsung da kansa yana ba da shawarar katin zane (ɓangaren kwamfuta mai zana hoto) na NVIDIA daga RTX 3080 zuwa sama don mayar da bidiyo ya zama 3D, katin da shi kaɗai yana jan wat 320 in aiki ya yi zafi. Wanda ke kan inbata ko sola ya yi lissafin wannan tun kafin kaya su iso. Ban da wayar hoto, akwai ta USB da ke kai bayanan kyamara ga kwamfuta. In ka manta da ita, allon zai kama, amma zurfi ba zai fito ba. Manhajojin Samsung da Acer na Windows ne, don haka jona PlayStation ba zai ba ka komai ba sai hoto shimfiɗaɗɗe. Finafinai masu kariyar haƙƙin mallaka, irin na Netflix, su ma ba sa juyuwa.

Sai zama. Allon inci 27 yana son ka zauna tsakanin kusan rabin mita zuwa mita ɗaya, fuskarka a saitinsa. Abokinka ya leƙo ta kafaɗarka, kyamara ta rasa wa za ta bi, hoton ya yi ta tsalle, shi kuma abokin ba ya ganin komai sai dishi-dishi. Taga mai hasken rana a bayanka, tabarau mai ƙyalli, takunkumi ko niƙabi, duk suna iya rikita ta. Ƙurar hunturu ma in ta kwanta a kan gilashin kyamara, bin idon yana yin nauyi. Ƙyalle mai laushi ya ishe ka gogewa.

Rukuni na biyu na taro ne, kuma a nan sunan da ya fi fitowa shi ne Looking Glass, kamfanin da ke Brooklyn a Amurka. Ba ruwansa da bin ido. Yana watsa kusurwoyi masu yawa a lokaci guda, har zuwa 100, kowa ya tsaya inda ya ga dama a gaban allon ya ga nasa ɓangaren. Amma a nan ma ba a cin bulus: ɗige-ɗigen da ake raba wa ido biyu a rukunin farko, a nan gida goma-goma ake kasa su. Hoton ba ya da kaifi sosai, abin da ya yi nisa a baya ko ya matso gaba da yawa yakan dushe, kuma hagu da dama kawai kake iya leƙawa, ba sama da ƙasa ba. Ƙaraminsu, Looking Glass Go mai inci 6, ya fito a kan kusan dala 300, ya dace da hotunan iyali a kan tebur. Manyan kuwa na gidajen tarihi ne da wuraren baje koli, kuɗinsu dubban daloli.

Fankar nan mai fitilu da ake tallata wa masu shaguna da sunan hologiram ba ta cikin lissafi. Hoto ɗaya take nuna wa ido biyu, yana dai kama da mai shawagi a iska. Don jan hankalin masu wucewa da dare tana da amfani, amma kada a biya mata kuɗin 3D.

Game da na hannu, a yi hattara. LG da Sony sun daina yin talabijin na 3D a 2017, wayar RED Hydrogen One ta 2018 mai allon 3D ba ta yi ƙarko ba, an daina ƙera 3DS a 2020, aka kuma rufe shagonta na intanet a 2023. Allon da manhajarsa ta mutu ya zama allo kawai. Shi ya sa kafin ka biya, buɗe jerin wasanni ko manhajojin da kamfanin ya ce suna aiki da allonsa, ka nemi ainihin wanda kake amfani da shi. In babu shi a ciki, kada alkawarin "yana nan tafe" ya ruɗe ka.

In ka sami damar gwadawa, sa farin abu a kan baƙin fili, rufe ido ɗaya, ka duba gefensa. Idan ka ga wata inuwa fara-fara a kusa da shi, hoton ɗaya idon ne ke yoyo, kuma shi ke kawo ciwon kai. Motsa kanka da sauri hagu da dama ka ga ko hoton yana biyo ka ba jinkiri. Kashe 3D ka karanta ƙananan rubutu, domin lensunan kan bar ɗan hazo a kansu. Sannan ka zauna aƙalla minti 20, kada ka tsaya a minti biyun da mai shago zai ba ka. Ido yana daidaita ganinsa a kan gilashin allon alhali yana bin abin da ya fito gabansa ko ya nutse bayansa, kuma gajiyar wannan saɓani ba ta bayyana nan take. Wanda idonsa ɗaya ya raunana ko ya karkace mai yiwuwa ba zai ga zurfin ba sam. Nintendo ma ta gargaɗi iyaye kada yara 'yan shekara 6 zuwa ƙasa su kunna 3D.

Mai yin oda daga waje ya tambayi sharaɗin garanti a rubuce, da wanda zai biya kuɗin mayarwa. Lensunan manne suke da allon, an daidaita su da kyamarorin tun daga masana'anta, don haka in ya fashe a hanya mai gyara ba zai iya sa masa allon wani monita ya ci gaba da nuna 3D ba.